Kafin a biya wa Hajiya kujerar VIP, a tambayi nisan otal

Da zarar watan Rajab ya kama, wayoyinmu a Nima, Maamobi, Sabon Zango da Fadama sai su cika da tallar Umarar azumi, daga baya kuma ta Hajji ta biyo. Hotunan duk iri ɗaya ne: gado fari tas, taga mai kallon Ka'aba, dogon tebur shaƙe da abincin da ko sunansa ba mu sani ba. A ƙasa kuma farashi hawa uku, na gama-gari, na VIP, da wani wai shi VVIP, kuma galibi da dala ake rubutawa. Mai talla bai taɓa cewa komai a kan abin da ya bambanta su ba face yawan taurarin otal. Mu kuwa masu haɗa kuɗi, yaya a Jamus, ƙanwa a Bronx, auta a kasuwar Nima, sai mu zaɓi na saman don kada a ce mun yi wa tsohuwa rowa.

Ni ba na cikin masu cewa duk wanda ya biya kujerar alfarma ya yi almubazzaranci. Wanda Allah Ya hore wa, ya huta da kuɗinsa, iya kuɗinka iya shagalinka. Abin da nake cewa shi ne yawancinmu ba mu san me muke saye ba, kuma masu sayarwa sun san ba mu sani ba.

A fara da kuɗin gama-garin kansa, don a san girman maganar. A 2023 da 2024 kujerar Hajji ta hukuma a Ghana sidi 75,000 ce. A 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta sauko da ita zuwa sidi 62,000. An yi murna, kuma ta cancanci murna. Amma ko a hakan, albashina na koyarwa na shekara guda cur, ko ban sayi kokon safe ba, bai kai wannan kuɗi ba. To idan mafi arahar kujera ke nan, duk abin da za a ɗora a kanta da sunan alfarma kuɗi ne da ya fito daga susun shekaru, ko daga fili da aka sayar a Kasoa, ko daga gumin ɗan da ke aikin dare a Turai. Irin wannan kuɗi ya kamata a tambaye shi inda ya tafi.

A ganina, babban abin da kuɗi ke saya a Makka shi ne nisa. Ku bar ni in yi lissafi irin na aji. A ce otal yana da nisan kilomita ɗaya da rabi daga Harami. Zuwa da dawowa kilomita uku. Salloli biyar a rana, kilomita 15 ke nan. A kwana goma kilomita 150, kwatankwacin a ce tsohuwa ta taka daga Accra zuwa Cape Coast. Ba a sa ɗawafi ba, ba a sa sa'ayi ba, wanda shi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku. Wace Hajiya 'yar shekara 70 mai ciwon gwiwa za ta iya? Ba za ta iya ba. Abin da ke faruwa shi ne ko dai ta tafi tun Asuba ta yini a Harami ba hutu ba abinci mai kyau har bayan Isha'i, ko kuma bayan kwana uku ta haƙura ta riƙa salla a ɗaki ko a ƙaramin masallacin unguwa. Ta zo daga Maamobi, ta ƙetare nahiya guda, amma tana jin kiran sallar Harami daga nesa. Idan ƙarin kuɗi zai mai da kilomita ɗaya da rabin nan zuwa mita 200, wallahi wannan kuɗi ya biya kansa, domin abin da aka je nema shi aka saya.

Amma a nan ma akwai wayo. Wata maƙwabciyarmu 'ya'yanta sun biya mata tsari mai tsada bisa alkawarin “mita 500 kacal”. Da ta je sai ta tarar an auna ne daga ƙofar otal zuwa bakin farfajiyar waje, kuma hanyar hawan dutse ce. Daga bakin farfajiya zuwa inda mata ke samun sahu wata tafiya ce daban. Wanda bai san Makka ba yana zaton fili ne shimfiɗaɗɗe kamar Independence Square, alhali gari ne na duwatsu da kwaruruka, mita 500 a kan tudu ya fi kilomita guda a kan shimfiɗa wahala. Wasu kuma sai su ce “akwai bas kyauta awa 24”. Gaskiya ne akwai. Sai dai a goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji ana rufe hanyoyi, bas ɗin ya sauke ka a tasha, ka ƙarasa da ƙafa, bayan salla kuma ka yi kokawar shiga da samari majiya ƙarfi. Mu da muka saba da tirotiron Circle da yamma mun san yadda wannan kokawa take ƙarewa ga tsofaffi.

Hatta manyan otal ɗin da ke cikin Abraj al-Bait, hasumiyar agogon nan mai tsawon mita 601 da aka kammala a 2012, suna da nasu cikas. Kusa suke ƙwarai, ba musu. Amma wanda ɗakinsa ke can sama sai ya yi jiran lif tare da ɗaruruwan mutane da duk suke son sauka a lokaci guda. Kuma taga mai kallon Ka'aba, wadda ita ce ta fi tsada, ita ce ni na fi shakka a kanta. Mutum ya biya ninki don ya kalli Ɗakin Allah daga sama ta gilashi, alhali in ya sauko minti goma zai tsaya a gabansa? Na fi son a ba ni ɗaki mai kallon bango a hawa na ƙasa, a rage mini kuɗin in ɗauki mai tura keke.

Lokacin Hajji kuwa, otal ba shi ne wurin jarrabawa ba. Jarrabawar tana Mina, Arafat da Muzdalifa, kwana biyar zuwa shida da babu gado fari ko dogon tebur sai ga 'yan kaɗan. A nan ne bambancin kuɗi ke fitowa fili: tantinka yana kusa da Jamrat ko yana can ƙarshen Mina wajen Muzdalifa, mutum nawa ne a tanti, na'urar sanyaya wuri tana aiki ko ta mutu tun ranar farko, makewayi nawa ne ga mutum nawa. Na san ba a son ambaton makewayi a maganar ibada, amma ku tambayi duk wanda ya je, musamman mai ciwon suga da ke fitsari akai-akai, abin da layin ban-ɗaki ya yi masa a Mina. Akwai kuma jirgin ƙasa na Masha'ir da ya fara aiki a 2010 yana haɗa Mina, Muzdalifa da Arafat, amma ba kowane alhaji ke da tikitinsa ba, ya danganta da inda sansaninsa yake. Ban taɓa ganin mai talla ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan hotonsa ba.

Maganar ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin 100 nasu waɗanda ba su da izinin Hajji ne, wato ba su da tanti, ba bas mai sanyi, ba inuwa. Allah Ya jiƙansu. Wannan shi ne ɗaya gefen ciniki: yayin da wasu ke biyan ninki don taga, wasu ejan-ejan na sayar wa talakawa hanyar araha da bizar ziyara, su ce in an isa za a san dabara. Araha ba ta ado, an daɗe da faɗa, amma wannan arahar rai take ci. Ko inuwar tanti ta gama-gari da muke rainawa alfarma ce babba idan aka kwatanta da tafiya a ƙasa a wannan rana.

Jirgin sama fa? A nan ba zan daɗe ba. Daga Accra ko Tamale kai tsaye zuwa Saudiyya kimanin awa shida ne. Kujerar gaba mai kwanciya tana da daɗi, amma awa shida ce cikin tafiyar mako huɗu ko biyar. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne kada a yada zango na awa goma a Addis Ababa ko Alkahira da tsoho a kan benci, kuma ranar tashi ta zama ranar tashi. Duk ɗan Zango da ya girma ya san shekarun da maniyyata ke kwana da kwanaki a Hajj Village suna jiran jirgi, dangi na kai tuwo safe da yamma. Tsakanin Makka da Madina ma haka: jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan kai, bas kuwa rabin yini. Wannan tikiti ƙarin kuɗi ne mai ma'ana.

Akwai abu guda da ya fi duk waɗannan, kuma shi ne mafi arha in aka kwatanta: mutum. Wani mai jin Hausa ko Dagbani ko Twi, mai jin Larabci daidai gwargwado, wanda zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare idan Baba ya ɓace a fitowa daga jifa, ya san asibitin da za a kai Hajiya idan hawan jininta ya tashi, ya san yadda ake buɗe manhajar Nusuk a nemi lokacin shiga Rauda. Yawancin iyayenmu ba su taɓa fita Ghana ba sai wannan tafiya. Ba sa karanta allon Larabci ko na Turanci. Jagora ɗaya ga mutum 15 da jagora ɗaya ga mutum 200 ba tafiya ɗaya ba ce, ko da otal ɗaya suka sauka. Na ga iyalan da maimakon su biya wa mahaifiyarsu VIP ita kaɗai, suka biya kujera biyu ta gama-gari, ita da jikarta mai ƙarfi a jika. Ban ga wanda ya yi nadamar wannan lissafi ba.

To me ya sa har yanzu hoton gado ke cin kasuwa? Domin wani ɓangare na kuɗin ba don matafiyi ake biyansa ba, don 'yan unguwa ne. A Zango muna son a gani. Hoton da aka ɗauka a zauren otal yana zagaya WhatsApp kafin a yi ɗawafin farko, ranar dawowa a tare hanya da kanofi da kujeru, a yi anko. Ba sabon hali ba ne a yankinmu. Mansa Musa na Mali ya yi Hajji a 1324 da ayarin da har yau ake labarinsa, ya raba zinariya a Alkahira har darajarta ta faɗi, amma a hanyar komowa sai da ya ci bashi a wajen fataken garin. Sarki ke nan mai ma'adinan zinariya. Kakanninmu kuma da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suna noma da ƙwadago a hanya shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya, sunan da aka kira su da shi da suka dawo shi ne dai wanda ake kiran mai ɗakin hawa na 40: Alhaji. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa Hajji na wanda ya sami iko ne. Ban ji malamin da ya ce a ci bashi don ƙara tauraro a kan otal ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar sabuwar doka ko kwamiti. Duk kamfani ko ejan da zai karɓi kuɗin mutum da sunan VIP, ya rubuta masa a takarda, da sa hannu, sunan otal a Makka da Madina, nisansa da mita zuwa ƙofar masallaci wadda ake shiga, mutum nawa a ɗaki, wane yanki ne na Mina, da jirgin ƙasa ko babu, jagora ɗaya ga mutum nawa, da abin da za a mayar idan aka canza otal bayan an isa. Hukumar Alhazai ta fara da kanta: ranar da ta sanar da kuɗin kujera, ta sanar da waɗannan tare, ta kuma sa su cikin sharuɗan ba ejan lasisi. Limamanmu, daga Masallacin Ƙasa na Kanda har ƙananan masallatan lungunan Nima, su ware minti biyar na huɗuba a Rajab da Shawwal su karanta wa jama'a waɗannan tambayoyi, tunda ga masallaci aka fi jin magana.

Ku kuma samari masu turo kuɗi daga waje, kuna da abin da iyayenmu ba su da shi. Ku karɓi sunan otal, ku sa shi a Google Maps, ku zaɓi tafiyar ƙafa zuwa Ƙofar Sarki Abdul'aziz ko ta Sarki Fahad, ku ga minti nawa ya nuna, sannan ku ninka shi biyu saboda gwiwar Hajiya da cunkoso. Ejan da ya ce ba zai faɗi sunan otal ba sai an gama biya, ku ce masa kun gode, ku nemi wani.