Hankali Ba a Baki Yake Ba

Duk ɗalibin Hausa da ya zauna ya nazarci kalmar "hankali" zai tarar tana ɗauke da ma'ana biyu. Idan muka ce wane yana da hankali, wani lokaci muna nufin yana da tunani da fahimta, wani lokaci kuma muna nufin ya iya gaisuwa, ya san inda ake durƙusawa, ya san abin da ake faɗa a gaban surukai. Haka ma "ba shi da hankali": da ita muke siffanta mahaukaci, da ita kuma muke tsawata wa yaron da ya wuce dattijo bai gaishe shi ba. Harshe ya zuba basira da iya hulɗa a ƙwarya ɗaya, mu kuma muka saba ɗaukarsu abu guda. A ganina wannan haɗin yana zaluntar wasu manya da ke cikinmu, wato masu otizim.

Otizim yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Yana bayyana tun ƙuruciya, kuma yana tare da mai shi har tsufa. Yakan taɓa magana da hulɗa da jama'a, yakan sa ƙara ko haske su dami mutum fiye da kima, yakan sa ya riƙe tsari ɗaya ba ya son a sauya masa. Kafofin labarai sukan kira shi "galahanga", kalmar da ake jingina wa wasu lalurori dabam ma. A unguwa kuwa sunayen sun fi haka zafi: dolo, gaula, bebe, ko mai aljanu. Kowane daga cikinsu hukunci ne da aka yanke tun kafin a saurari mutumin.

Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana wannan yanayi dalla-dalla shi ne Leo Kanner, a Amurka, cikin 1943, bayan ya lura da yara 11. Na farko a jerinsu shi ne Donald Triplett, wanda aka haifa a 1933 a garin Forest na jihar Mississippi. Yaron da aka taɓa kai wa gidan kula da marasa lafiya ya girma ya kammala kwaleji, ya yi aikin banki shekaru masu yawa, ya tuƙa motarsa, ya ziyarci ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Otizim ɗinsa bai gushe ba. Mutanen garinsu ne suka ba shi wuri a cikinsu.

Duk da haka an daɗe ana kuskure. A 1967 Bruno Bettelheim ya wallafa littafin da ya ƙarfafa zargin cewa rashin ƙaunar uwa ne sanadi, zargin da bincike ya rushe daga baya, bayan iyaye mata da yawa sun sha baƙin ciki a banza. Ra'ayi ya soma juyawa sosai ne lokacin da manya masu otizim suka fara bayani da kansu. Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3, ta fitar da tarihin rayuwarta a 1986, ta kuma zama farfesar kimiyyar dabbobi a jihar Colorado. Ita ce ta yi suna wajen tsara lanƙwasassun hanyoyin da shanu ke bi ba tare da firgita ba, domin tana lura da ƙananan abubuwan da ke tsorata dabba, kamar inuwa ko ƙyallin ƙarfe. Duk makiyayin da ya taɓa fama da sa mai gardama zai gane darajar irin wannan ido.

Sai kuma aka soma tuhumar ma'aunin kansa. A 2007 Michelle Dawson, mai bincike a Montreal ta Kanada, wadda ita ma tana da otizim, ta gwada yara da manya tare da abokan aikinta ta hanya biyu: gwajin Wechsler, wanda ya dogara ƙwarai da tambaya da amsa ta baki, da gwajin Raven, wanda ake warware zane-zane a cikinsa ba tare da dogon zance ba. Masu otizim sun fi samun sakamako mai kyau a na biyun. Ke nan wani ɓangare na abin da ake kira ƙarancin basira daga mudun awo yake.

A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya mai otizim, ya kawo wata hujja: rashin fahimtar juna daga ɓangare biyu yake, domin yadda mai otizim ke wahalar karanta mu, haka mu ma muke wahalar karanta shi. Wani bincike da aka wallafa daga jami'ar Edinburgh a 2020 ya ƙarfafa wannan. An jera mutane takwas-takwas, kowa yana isar da labari ga na gaba. Jerin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar yadda jerin marasa shi ya riƙe. Inda labari ya fi zubewa shi ne jerin da aka cakuɗa su.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin magana ne mai hikima, amma ba a kan kowa yake aiki ba, gama akwai wanda zuciyarsa ke cike fuskarsa ba ta nuna komai. Mu ma ya kamata mu fi kowa gane cewa alamun jiki al'ada ce ke fassara su. A Turai kauce wa haɗa ido yana cikin abubuwan da likita ke dubawa, alhali a wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai kunya da tarbiyya.

Wani zai ce ina ƙawata lamarin, kuma yana da tasa gaskiyar. Akwai masu otizim da ke da naƙasar fahimta ta haƙiƙa, waɗanda ke buƙatar mai kula da su har ƙarshen rayuwa, kuma iyayensu na ɗauke da nauyi mai girma. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda fim ɗin Rain Man na 1988 ya yaɗa, na zaton kowane mai otizim gwanin lissafi ne. Ban ce duka haziƙai ne ba. Na ce ba a sanin zurfin mutum daga santsin harshensa, kuma darajarsa ba ta jiran sai ya nuna wata baiwa.

Abin da ke kan sikeli ba ƙarami ba ne. Mutumin da aka laƙaba wa "dolo" ba a koya masa sana'a, ba a neman shawararsa a kan gadonsa, ana zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu domin wayar da kai a kan otizim, amma gyaran na gaske a tsakar gida yake. Ku yi masa magana kai tsaye, ba ta bakin ɗan'uwansa ba. Ku faɗi abin da kuke nufi a fili, ba da habaici ba. Ku ba shi lokacin amsa, kuma idan rubutu a takarda ko saƙon waya ya fi masa sauƙi, ku karɓa.

Ku kuwa ɗaliban harshe, ku ne gobe za ku fassara labarai, ku rubuta littattafan makaranta. Kafin ku rubuta "ba shi da hankali" a kan wani, ku tsaya ku tambayi kanku wanne daga cikin ma'anonin nan biyu kuke nufi.