Kafin ka sayi kare, wa ke gida idan ka tafi aiki?

Kiwon kare ya zama abin yayi a tsakanin matasan birni. Leƙa Facebook ko TikTok ka ga yadda ake tallar ƴan kwikwiyo a Maraɗi, Yamai da Kano: wannan jinin Jamus ne, wancan Rottweiler ne, ga hoton uwa ga hoton uba. Masu tambayar farashi kuwa da yawansu matasa ne da suka fara riƙe ɗan albashi: ma'aikacin jinya mai kwana asibiti, mai gadin banki, direban da ke cin hanyar Maraɗi zuwa Yamai, ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke fita da asuba sai bayan isha'i ya dawo. Hujjarsu ɗaya ce: ba na zama gida, ina son abin da zai tsare mini gida. A ganina wannan hujjar ita ce babban dalilin da zai sa mutum ya haƙura da sayen.

Mu da iyayenmu ke ƙauye mun san kare, amma mun manta yadda yake rayuwa a can. A Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, kamar sauran karkarar Maraɗi, ko da mutum ɗaya ake kira mai kare, karen na gida ne gaba ɗaya. Da safe ya bi yara kiwo ko gona, da rana ya kwanta ƙarƙashin rumbu, da yamma uwargida ta zuba masa ƙanzo, da dare ya zagaya turken awaki. Da wuya ya yi sa'a guda bai ga mutum ba. Maigida na iya tafiya ci-rani Libiya ko Legas ya shekara, karen bai san an yi ba, don gidan bai taɓa zama shiru ba. Wannan karen ne ke cikin kan saurayin da ke haya ɗaki biyu a Maraɗi shi kaɗai, alhali abin da zai iya ba nasa karen bai wuce sarƙa da kwano biyu ba.

Ban raina tsoron da ke sa mutane neman kare ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, har hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumomin Nijar suka matsar da wasunsu daga bakin iyaka zuwa Cadakori, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. Wanda ya san abin da ya taso da waɗannan bayin Allah ba zai yi wa mai neman tsaro dariya ba. Sai dai kare ba ya tare bindiga. Iyakar aikinsa ya yi haushi, wani ya farka ya ɗauki mataki. Idan babu kowa a gidan, maƙwabta kawai yake hana barci, ɓarawon da ya san aikinsa kuwa tsoka guda da guba ta ishe shi.

Yanzu duba ranar karen da mai shi ya fita ƙarfe bakwai na safe, ba zai dawo ba sai gobe. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yakan haura digiri 40. Kare ba ya zufa a jiki irin tamu, da haki yake fitar da zafi. Inuwar da aka ɗaure shi a ciki da safe, kafin azahar ta koma wani gefen. Sarƙa ta riga ta kifar da kwanon ruwa. Karnukan waje masu gashi da ake alfahari da su sun fi na gida jin jiki a wannan yanayi. Abin dariya ma shi ne, karen Azawak da Turawa ke nema da tsada daga ƙasarmu ya fito, mu kuma muna neman nasu.

Ɗan kwikwiyo ya fi haka wuya. Sau uku ko huɗu yake cin abinci a yini, kuma a watanninsa na farko ne yake koyon sanin mutane. Wanda ya girma a ɗaure bai saba da kowa ba, ko ya zama matsoraci ko ya zama mai cizo, sau da yawa duka biyun. A gidan haya, wanda zai fara gamuwa da shi ranar da sarƙa ta tsinke yaron maƙwabci ne da ya shigo ɗaukar ƙwallo.

Nan ne maganar ta wuce sha'awar mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukar kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duk waɗanda suka kamu daga kare suka samu. Da zarar alamomi sun bayyana, kusan babu mai tsira. Abin da ke ceto shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti a fara allurai, waɗanda sai an yi ta komawa. Shi kansa karen ana yi masa allurar farko yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Mutumin da aiki bai bar shi ya je jana'izar unguwa ba, yaushe zai ɗauki kare zuwa ofishin kiwo?

Wasu za su ce ai maganar ta addini ce. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a nan, ba su ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, kuma hadisi ya yi rangwamen riƙe shi don farauta, kiwo da gona. Ko gadin gida ya shiga ciki, wannan na bar wa malamai. Abin da ban taɓa jin an yi saɓani a kansa ba shi ne haƙƙin dabba. Duk ɗan makarantar allo ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mun fi riƙe hukuncin yawun kare a kan hukuncin ƙishirwarsa.

Ƴan uwanmu da ke Turai nasu dalilin daban ne: kaɗaici. Ka dawo daga aikin dare ɗaki ya yi tsit, babu mai cewa sannu da zuwa. Na fahimta. Amma a can doka ta riga ka yin tunanin. A Faransa, tun Oktoba 2022, sai ka sa hannu a takardar alkawarin sanin buƙatun dabbar kwana bakwai kafin a ba ka kare. A Ingila ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA na ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu, kai kuwa aikinka awa goma sha biyu ne ban da hanya. Kare yakan yi shekara goma zuwa sha uku a raye. Kwantiragin aikinka na shekara nawa ne? Idan za ka zo gida Sallah ka yi wata guda, wa za ka bar wa?

Ba kowane mai dogon aiki nake cewa ya haƙura ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke zaune gidan iyayenta, ga ƙanne ga fili ga inuwar dogon yaro, za ta iya riƙe kare ko da tana kwana asibiti, musamman idan na gida ne da ya saba da zafinmu da tuwonmu. Wanda ke zaune shi kaɗai kuwa, kuɗin kwikwiyon da na ƙashin mahauta na kowane mako sun fi amfani a ƙofar ƙarfe, kwaɗo mai kyau, da karo-karon biyan mai gadin layi. Shi kuma ɗan ci-ranin da ke son turo kuɗi a sayo kare a ajiye gidan tsohuwarsa a Cadakori, ya haɗa da kuɗin allura a cikin aiken, kuma ya ambaci sunan ƙanen da zai kai shi wurin likitan dabbobi ya ajiye katin.