Kwamfuta a Sauƙaƙe: Tagar da Ba Ta Ɓuya

 

Kwanakin baya wani magatakardan ƙungiya ya zo mini da kukan kunyar da ya sha a gaban taro. Yana kwafe sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata ne daga takardar da aka aiko masa ta kwamfuta zuwa jadawalin lissafi. Da ya taɓa jadawalin, sai takardar ta shige baya ta ɓuya. Sai ya nemo ta, ya duba, ya riƙe adadin a ka, sa'an nan ya koma. Garin haka ya tsallake layi guda, kuɗin wani dattijo ya hau kan sunan wani. Ran taro aka karanto dattijon cikin masu bashi. Da ƙyar aka lallashe shi.

To, abin da ke faruwa shi ne, kwamfuta tana jera tagogin aiki ne kamar takardu a bisa tebur: wadda ka taɓa daga baya ita ke hawa kan sauran. Maganin kuwa shi ne a kafe taga guda ta zauna a sama, ko me aka taɓa. Dabarar ba sabuwa ba ce, don agogon Windows 3.1 na shekarar 1992 ma yana da ita.

Mai amfani da Windows 10 ko 11 sai ya sauko da PowerToys, wata manhaja ta kyauta daga kamfanin Microsoft. An farfaɗo da ita a 2019, aka ƙara mata wannan aiki a farkon 2022. In ka girka ta, ka taɓa tagar da kake so, sa'an nan ka danna maɓallin Windows da Ctrl da harafin T gaba ɗaya. Za ka ga layi mai launi ya kewaye tagar. Alamar ta kafu ke nan. In ka gama, ka sake danna maɓallan nan uku, sai ta saku.

Wasu manhajojin ma ba sa bukatar wannan. Kalkuletar Windows, in tana kan lissafi na yau da kullum, Alt da kibiyar sama kawai za ka danna ta tsaya a sama. Mai kallon bidiyo da VLC zai ga Always on top a ƙarƙashin View. Masu Ubuntu kuwa, su danna kan tagar da gefen dama na linzami, zaɓin yana nan.

Amma a kula da abu biyu. Na farko, tagar da aka kafe tana rufe abin da ke ƙarƙashinta, saboda haka a rage mata girma a tura ta kusurwa. Na biyu, in a shago ko ofis kake, kada ka kafe abin da ya shafi asusunka na banki ko sirrin mutane, domin duk mai wucewa zai gani.

Magatakardan namu dai yanzu takarda na gefe, jadawali na gefe, idonsa na kan adadi lokacin da hannu ke bugawa. Dattijon ma ya huce.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.