Sharhi: Renon Matuƙan Jiragen Sama Jari Ne Da Ya Kamata Jihar Neja Ta Zuba

Daga garin Suleja zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, tafiya ce da ba ta cika awa guda a mota ba idan hanya ta yi kyau. Amma ga ɗan talakan da ya tashi a gindin Dutsen Zuma da burin zama matuƙin jirgin sama, tazarar da ke tsakaninsa da kujerar matuƙi ta fi nisan Suleja zuwa Makka. Wannan tazara kuwa ta kuɗi ce da rashin tsari, kuma asarar da take jawowa ba ta tsaya a kan yaron da iyayensa ba, har da tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya.

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa Arewacin Nijeriya ba baƙo ba ne a harkar sufurin sama. A Kano jiragen sojan saman Ingila suka sauka a shekarar 1925, bayan sun taso daga ƙasar Masar. A Zariya kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta ƙasa a 1964, tare da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO. Haka nan 'yan kasuwar wannan yanki sun taka rawar gani, tun daga marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗan Kabo da ya kafa Kabo Air a 1980, zuwa Chanchangi a Kaduna, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, da Azman da Rano a Kano. Saboda haka, makaranta tana kusa, kamfanoni ma na gida ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta haɗa ɗalibi da kamfani.

A da can akwai wannan gada. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, yakan zaɓi matasa masu hazaƙa, ya ɗauki nauyin horonsu a Zariya da ƙasashen waje, sa'an nan ya ba su aiki. Da yawa daga cikin manyan kyaftin-kyaftin da ƙasar nan ta yi alfahari da su, ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ba dukkansu ne 'ya'yan masu hannu da shuni ba. Da kamfanin ya durƙushe a 2003, aka kuma rushe shi a 2004, sai gadar ta karye. Kamfanin Nigeria Air da aka yi shelarsa a 2018, aka sake ƙaddamarwa a watan Mayun 2023, bai kai ga fara jigila ba, balle ya reni matuƙa.

Domin mai karatu ya fahimci nauyin lamarin, ya kamata a fayyace matakan da ɗalibi yake takawa. Da farko sai ya ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, inda ake duba ido da kunne da zuciya. Daga nan ya nemi lasin tuƙi na ƙashin kai, wanda ke buƙatar aƙalla awa 40 a sararin sama da shekara 17 na haihuwa. Sai lasin tuƙin kasuwanci, mai buƙatar awa 200, ko 150 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi, tare da shaidar iya tuƙi da na'urori a cikin hazo ko gajimare, da shaidar sarrafa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Dole ne kuma ya iya Turancin sadarwa da hasumiya daidai da mizanin ICAO. Babban lasin da ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja kuwa, sai ya tara awa 1,500.

To, a nan gizo ke saƙar. Lasin kasuwanci shi kaɗai ba ya sa kamfani ya miƙa wa yaro jirgin Boeing 737 ko Embraer. Sai ya sake yin wani kwas na ƙwarewa a kan samfurin jirgin da zai tuƙa, wanda galibi da dala ake biyan kuɗinsa. Bayan wannan ma, kamfanoni sun fi son wanda ya tara ɗaruruwan awoyi, shi kuwa ba shi da inda zai tara su sai an ɗauke shi aiki. Ga shi da takarda a hannu, amma ba shiga ba fita.

Batun kuɗi kuwa sai dai a yi shiru. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato naira 840,000 a shekara. Mu ƙaddara cewa horon bai wuce naira miliyan 20 ba. Ƙaramin ma'aikaci zai shafe kusan shekara 24 yana tara albashinsa kaf, bai ci ba, bai sha ba, kafin ya biya wa ɗa guda. Tun daga watan Yunin 2023 da aka sakar wa naira mara a kasuwar canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024, kuma kayayyakin gyaran jiragen koyo da inshora duk suna bin farashin dala.

Wasu za su ce maganin abin shi ne gwamnati ta ba da tallafin karatu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai darasi daga Jihar Kano. A 2013 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, abin da ya cancanci yabo, domin ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da ba su taɓa mafarkinta ba. Sai dai bayan dawowarsu, da yawa sun daɗe ba su sami kujerar tuƙi ba, saboda rashin shaidar ƙwarewa a kan samfurin jirgi da kuma rashin kamfanin da ya yi alkawarin ɗaukarsu tun farko. Lasin matuƙi kuwa ba kamar digirin jami'a ba ne da za a ajiye a akwati. Idan ba a tashi, ba a sabunta gwaji, ƙwarewar tana dusashewa, jarin da aka zuba ya bi ruwa.

A ɗaya ɓangaren, ƙasar Habasha ta buɗe makarantar matuƙanta a 1964, shekara ɗaya da ta Zariya. Bambancin shi ne makarantar tasu tana ƙarƙashin kamfanin Ethiopian Airlines, saboda haka ana horar da ɗalibi ne daidai da buƙatar kamfani, ya fito daga aji ya shiga aiki. Yau wannan kamfani shi ne kan gaba a nahiyar Afirka. A nan gida ma, kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow ya daɗe yana zaɓar matasan Nijeriya yana horar da su don ayyukansa na yankin man fetur. Wannan ya nuna cewa tsarin yana yiwuwa matuƙar wanda zai ba da aikin yana cikin shirin tun ranar farko.

Bisa ga haka, shawararmu ga Gwamnatin Jihar Neja ita ce ta kafa asusun renon matuƙa mai ƙafa uku, kamar murhu: jiha, da kamfanin jiragen sama, da banki. Kada a tura ko da ɗalibi ɗaya sai an rattaba hannu da kamfanin da zai ɗauke shi, kuma kuɗin kwas ɗin samfurin jirgi ya kasance cikin lissafi tun farko. Shi kuma ɗalibi ya sa hannu cewa zai yi wa kamfanin aiki na wasu shekaru, ana cire wani kaso daga albashinsa ana mayarwa asusun, domin na baya su amfana. Gara a fara da mutum goma a kai su gaci, da a ɗebi ɗari a bar su a tsakiyar kogi.

Suleja ta dace da zama cibiyar tantancewa. Garin yana bakin Babban Birnin Tarayya, wanda ya ba wa sunansa na asali bayan da aka ƙirƙiro birnin a 1976. Yana kuma da makarantar yara masu baiwa ta Gwamnatin Tarayya, ga daɗaɗɗen zumuncin tarihi tsakanin Zazzaun Suleja da Zazzaun Zariya inda kwalejin take. Amma wajibi ne zaɓen ya kasance bisa cancanta a lissafi da kimiyya da Turanci, maza da mata, daga dukkan ƙananan hukumomi 25 na jihar. Idan aka bari takardar wani babba ta maye gurbin jarrabawa, an yi wasa da dukiyar jama'a, an kuma yi wasa da rayukan fasinja.

Su ma kamfanoni su sani cewa riba ce gare su. Matuƙin da aka ɗauko daga waje da dala ake biyansa, ga masauki, ga tikitin zuwa gida hutu. A lokacin aikin Hajji, wasu kamfanoni har hayar jirage suke yi tare da matuƙansu. Kwalejin Zariya ta mallaki na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737, kuma amfani da ita yadda ya kamata zai rage kuɗin musaya da ake fitarwa don gwajin da matuƙa ke maimaitawa duk wata shida.

Ga iyaye da matasa kuwa, a yi hattara. Kafin a sayar da gona ko gida, a fara yin gwajin lafiya a wurin likitan da hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, wato NCAA, ta amince da shi, domin ƙaramar matsalar ido tana iya rushe shirin gaba ɗaya. A tabbatar makarantar tana da izinin hukuma, a kuma tambayi yadda ake mayar da lasin waje na Nijeriya. A guji dillalan da ke karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi. Wanda bai sami tuƙi ba, akwai injiniyancin jirage da aikin hasumiya, duk ana koyar da su a Zariya.

Masu iya magana sun ce da haƙuri ake dafa dutse, amma sai an hura wuta a ƙarƙashinsa. Matasan Suleja da na sauran sassan Jihar Neja suna da hazaƙa da haƙuri. Hura wutar kuwa haƙƙi ne da ya rataya a wuyan gwamnati da 'yan kasuwa, kuma kasafin kuɗi mai zuwa shi ne wurin da ya dace a fara ganin alamarsa.