Matafiyi da Bindigarsa

A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi, Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano bikin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa, amma akwai darasi a cikinsa.

Shari'a ta halatta kare rai da dukiya, sai dai malamai sun gabatar da kawar da ɓarna a kan neman amfani. A baƙon wuri, bindiga takan jawo zargi kafin ta ba da kariya.

Don haka muke ganin mai doguwar tafiya ya bar ta a gida. Wanda sana'a ta tilasta wa ɗaukarta, ya riƙe lasisinsa. Mu tafi cikin ayari, da rana, muna dogaro ga Allah.