RA'AYI: Kalmar "tarayya" a bakin ɗan Katolika da kunnen Musulmin Mairairai

Ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, wato Mairairai, tana cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, ba nisa da Tasawa. Ƙasa ce ta manoman gero da makiyaya. Kamar sauran karkarar Nijar, ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna kashi 99 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, mutum na iya tsufa a can bai taɓa zama inuwa ɗaya da limamin Katolika ba. Amma da an gama girbi samarin wannan yanki sukan kama hanyar cin rani zuwa Maraɗi, Kano, Legas, Agadas, Libiya da Aljeriya, wasu har Turai. A can Kirista yake zama abokin aiki ko maƙwabci a gidan haya, wayar salula kuma tana ta kawo guntayen bidiyon muhawarar addini dare da rana.

Cikin maganganun da ake jifa da su a irin wannan muhawara akwai cewa "Kiristoci sun ce mutum zai zama Allah." Ba ƙirƙirar maganar aka yi ba, tana da tushe a littattafan Cocin Katolika. Sai dai an gutsure ta, an bar bayanin da masu ita suka ɗaure ta da shi. Musulmi ba ya buƙatar yarda da wannan koyarwa, kuma aƙidarsa ba za ta bar shi ya yarda ba. Abin da adalci ke nema a wajensa shi ne ya san abin da masu ita ke nufi kafin ya yanke hukunci, domin a wannan yanki an ga yadda fushi a kan maganar da ba a tantance ba yake ƙarewa da gobara.

Tushen koyarwar yana cikin Wasiƙar Bitrus ta Biyu, sura 1 aya 4, inda aka yi wa masu bi alkawarin samun rabo daga ɗabi'ar Ubangiji. Malaman coci na farko suka faɗaɗa ta. Iraniyus, bishop ɗin birnin Liyon na Faransa a ƙarni na 2, da Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariyya ta Masar daga 328 zuwa 373, sun koyar cewa Allah ya sauko zuwa matsayin ɗan Adam ne domin ya ɗaga ɗan Adam zuwa rayuwarsa. Masu Girkanci suna kiran wannan tiyosis. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya maimaita shi, kuma littafin aƙidar Katolika da aka fitar a 1992 zamanin Fafaroma John Paul na Biyu ya tattara maganganun waɗannan malamai a sakin layi na 460. Har yau, a kowace hadayar Mas, limami kan ɗiga ɗan ruwa cikin ruwan inabi yana addu'ar a ba mutane rabo daga allahntakar wanda ya ɗauki mutuntakarsu.

Ga kuma ɓangaren da ake yankewa. Cocin Katolika ba ta koyar da cewa mutum zai rikiɗe ya zama Mahalicci, ko a samu wani abin bauta na biyu, ko zatin bawa ya narke cikin zatin Ubangiji ba. A wajenta abin halitta yana nan abin halitta har abada, kuma duk abin da ya samu kyauta ce, abin da Kiristocin Hausa ke kira alheri. Babban taron cocin na Lateran na Huɗu, a 1215, ya yanke cewa duk wata kama da za a iya ambata tsakanin Mahalicci da halitta, bambancin da ke tsakaninsu ya fi ta girma. Malaman farko sukan ba da misalin da duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane: a sa ƙarfe a wuta a yi ta zuga, sai ya yi jajur, yana haske yana ƙuna kamar wutar. Duk da haka ƙarfe ne, zafin kuwa na wuta ne. A zare shi a ajiye, ya huce ya koma baƙinsa.

Babban tarkon yana cikin harshen Hausa kansa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmar "tarayya" ta zama ta yau da kullum a bakin Kiristocin Hausa, da ma'anar zumunci da zama abu guda cikin ibada. Shi ya sa gamayyar wasu majami'un Arewacin Najeriya ke amsa sunan TEKAN, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. Shi kuwa Musulmi tun yana makarantar allo ya haddace cewa Allah ba shi da abokin tarayya, kuma yi masa tarayya shi ne shirka, zunubin da ya fi kowane girma. Saboda haka idan ɗan Katolika ya ce yana fatan tarayya da Allah, yana nufin kusanci da samun rabo daga rahamarsa da tsarkinsa. Kunnen Musulmi kuma abin da zai fara ji shi ne an yi wa Allah kishiya. Kowannensu da gaskiya yake magana, amma kalma ɗaya ta kai su wurare biyu.

Wannan bayani bai share saɓanin da ke tsakanin addinan biyu ba, kuma masu cewa duk abu ɗaya ne ba su taimaki kowa ba. Dukan koyarwar tiyosis ta ratayu ne a kan imanin cewa Allah ya zama mutum cikin Yesu Almasihu. Musulunci ya ƙi wannan ƙarara: Suratul Ikhlas ta kore haihuwa da tamka ga Allah, aya ta 171 ta Suratun Nisa'i kuma ta tsayar da Annabi Isa (AS) a matsayin manzo. Nan ne hanya ta rabu, kuma ya kamata muhawara ta tsaya a nan, a kan abin da kowane ɓangare ya yi imani da shi da gaske. Jingina wa abokin muhawara abin da shi kansa yake ɗauka ɓata ne ba ya ƙara wa hujja ƙarfi.

Musulmin Hausa ma ba baƙo ba ne ga wahalar magana a kan kusancin bawa da Ubangijinsa. Akwai hadisin ƙudusi a Sahihul Bukhari a kan bawan da ke ta kusantar Allah da nafiloli har Allah ya so shi, kuma malamai sun daɗe suna sharhinsa don kada a fahimce shi a baibai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Al-Maƙsad al-Asna yana bayanin rabon da bawa zai iya samu daga ma'anonin sunayen Allah, kamar jinƙai da haƙuri da adalci, a cikin littafin kuma ya yi watsi da aƙidar cewa Allah na shiga jikin bawa ko su zama abu guda. An kashe Mansur al-Hallaj a Bagadaza a 922 bayan shekaru ana takaddama a kan kalamansa. A Kano ta yau ma an sha rikici a kan maganganun waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, har manyan shehunnan Tijjaniyya suka nesanta kansu da su. Al'ummar da ta san yadda kalma ɗaya a wannan fage ke iya kuɓuce wa mai ita, ta fi kowa cancantar ta tambayi maƙwabcinta me yake nufi.

Wani zai ce me ya haɗa matashin Mairairai da sakin layi na 460 na wani littafin Roma, alhali yana fama da tsadar hatsi da rashin aikin yi? Amsar tana cikin tarihin kusa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatancin mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, 'yan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, alhali babu hannun Kiristan Nijar ko ɗaya a zanen. A Yunin 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara harkokin addini, rikicin da tsakanin limamin da hukuma ne. A duka biyun, wutar ta faɗa kan mutanen da aka riga aka ɗauka baƙi ne masu aƙidar da ba a san kanta ba. Jahiltar maƙwabci busasshiyar ciyawa ce, kowane ɗan tartsatsi ya ishe ta.

Su ma malaman Katolika akwai nauyi a kansu. Yankin cocin na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 da Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso a matsayin bishop na farko, ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, inda Hausa ce harshen kasuwa da tasha. Wanda zai yi wa'azin wannan koyarwa da Hausa a irin wannan wuri, tilas ya faɗi iyakarta a numfashi ɗaya da ita, ya tuna cewa a zamanin waya babu wa'azin da ke tsayawa cikin bango huɗu. Wannan ba ɓoye aƙida ba ne. Cocin da kanta, a sanarwar Nostra Aetate ta 28 ga Oktoban 1965, ta ce tana girmama Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. Girmamawa ta haɗa da sanin yadda kalmarka ke sauka a kunnen wanda kake girmamawa.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi gardama sauƙin dubawa. Idan an ce mutum na samun rabo daga ɗabi'ar Allah, to a ina ake ganin alamarsa? Amsar Katolika ita ce a jinƙai, kamar yadda sura ta 25 ta Linjilar Matiyu ta ɗaura hisabi a kan ciyar da mayunwaci da karɓar baƙo. A jihar Maraɗi an ga misali wajen Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu hidimar coci a 2006. Sun buɗe makaranta a Tibiri, sun kula da yara masu tamowa, sun zauna da limamai da masu gari a kan aurar da ƙananan yara, kuma kusan duk waɗanda suka amfana Musulmi ne. Ta rasu a 2021. Shi ma ɗan ci-ranin da ƙungiyar Caritas ta ba abinci da bargo a Italiya ya ɗanɗani wannan aƙida a aikace, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Musulunci yana da nasa tushen na darajar mutum: aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta ce Allah ya karrama 'yan Adam, ba tare da ware ƙabila ko addini ba. Wannan daraja ce aka tattake a Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya. Ita aka sake tattakewa a kasuwar bayin Libiya da tashar CNN ta fallasa a 2017. Addinan biyu sun saɓa a kan yadda mutum ke kusantar Allah, amma babu ɗayansu da ya yarda a yi gwanjon mutum.

Ga matashin da irin wannan bidiyo ya faɗo wa a waya, a Mairairai yake ko a Sabha, Alƙur'ani ya riga ya ba shi ƙa'ida. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci, aya ta 46 ta Suratul Ankabut kuma ta ce a yi muhawara da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau. Kafin ya tura wa dandalin 'yan garinsu na WhatsApp, ya nemi cikakkiyar maganar, ya tambayi Kiristan da suke aiki tare me suke nufi da tarayya, shi ma ya bayyana masa me Musulmi ke nufi da tauhidi. Da wuya ɗayansu ya sauya addini bayan hirar, amma kowa zai tashi ya san ainihin inda suka rabu, kuma gobe za su koma wajen aiki tare.