Kafin ka sayi sabon batir, a duba maka taimin

Da sanyin safiya a tashar Rijiyar Zaki da ke kan titin Gwarzo, da wuya ka rasa ganin wata tsohuwar Golf an ɗaga mata bonet. Direba na ta murɗa makulli, injin na juyawa amma ya ƙi kamawa, fasinjoji sun yi jigum da kayansu. Kafin ka ce kwabo masu shawara sun taru. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce famfon mai, wani ya ce a tura kawai. Taimin kuwa ba kasafai ake tuna shi ba.

Ni ma abin ya taɓa cina. Cikin kwana uku aka sa na sayi batir da fulogi huɗu da famfon mai a Ƙofar Ruwa, motar ba ta ce uffan ba. Wani dattijon bakanike ne ya buɗe murfin bel, ya nuna min cewa ya tsallake haƙora. Duk abin da na saya ba shi da alaƙa da cutar.

Injin fetur yana buƙatar mai da iska da wuta, amma samuwarsu kaɗai ba ta isa ba. Dole fulogi ya ba da wuta daidai lokacin da fistan ya kusa ƙure sama, bayan ya matse mai da iska, bawul duk suna rufe. Galibin injina masu fistan huɗu suna bin jerin 1-3-4-2. Idan wutar ta makara, motar za ta yi ta juyawa a banza, ko ta riƙa harbi ta salansa. Idan ta yi gaggawa, sai ka ji kik ɗin na nishi kamar batir ya mutu, alhali lafiyarsa lau. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗin batir.

Akwai alamar da kowane direba ya kamata ya sani. Idan injin na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, sakayau ba nauyi, to a zargi bel ya tsinke. A daina murɗa makulli, kuma kada a tura. A injina da yawa fistan na iya dukan bawul ya lanƙwasa su, aikin bel ɗaya ya koma sauke kan injin.

Abin da ya fi damuna shi ne wata ɗabi'a da na lura ta ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Direba zai je gareji ya ce a rage masa shan mai, yaron gareji ya kwance distirbuta ya juya ta da kunne, har sai ƙarar ta yi masa daɗi. Ban raina kunnen manyan bakanikenmu ba, wasunsu tun zamanin Peugeot 504 ta Kaduna suke wannan aiki. Sai dai kamfani ya sa alamomi a jikin fuli da kan injin don a daidaita su, akwai kuma fitilar da ake gwada taimin da ita. Bakanike mai yara biyar ko shida a ƙarƙashinsa bai da hujjar rasa ta.

Motocin da ake shigowa da su yanzu ma yawancinsu ba su da distirbuta. Ƙwaƙwalwar mota ce ke tsara lokacin wuta, bisa saƙon da wata 'yar na'ura da ke lura da juyawar injin ke aika mata. Idan na'urar ta mutu, babu abin da za a juya da hannu. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can mahaɗar OBD-II, inda ake jona kwamfuta ta nuna inda matsalar take. Yaron da ke koyon aiki a Rijiyar Zaki yau, irin waɗannan motoci zai fi gyarawa, don haka ya kamata ƙungiyoyin bakanike su sa koyon karanta kwamfutar cikin sharuɗɗan yaye shi.

Kai kuma mai mota, kafin ka ba da kuɗin kaya, ka nemi a nuna maka fulogi yana ba da wuta, mai yana isowa, kuma alamomin taimin suna kan juna. Gwajin ukun ba ya buƙatar a sayi komai.